Hannun Kawu da Ƙafar Kwaɗo

Shekara biyu ke nan ina ɗauko wannan takarda ina mayar da ita ƙarƙashin katifa. Karatuna bai wuce firamare ba, shi ma da Larabci aka yi mana, rubutun Hausa kuwa a hannun shi marigayin na koya ina da gemuna. Na yi ta tsoron kada in rubuta wani abu na ilimi ba daidai ba a ce shi ya faɗa, in ƙara masa laifi a kan wanda aka riga aka ɗora masa. Na ji tsoron giba kuma. Sau uku ina tambayar limaminmu ko ya halatta a faɗi abin da masu rai suka yi wa mamaci. A na ukun ya ce, "Kada dai ka kama sunan kowa, kuma ka daina tare ni a bakin masallaci." Saboda haka ba zan kama suna ba. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, uwa ɗaya uba ɗaya. Allah ya jiƙansa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a ƙarshe shi ne, a wani biki a Omdurman, nan ƙasar Sudan, wata mata ta ce wa 'yarsa a gaban jama'a, "Ai mahaifinki ba ciwo ne ya kwantar da shi ba, fushi ne. Likita ma ya faɗa." 'Yar ta zo har Aljirif inda nake aikin dafa bulo, ta zauna a kan tubali ta ce, "Yaya, kai ka raka shi asibiti. Ƙarya yake yi?" Na ce a'a. Ta ce, "To me zan nuna musu?" Ba ni da abin da zan ba ta.

Na tuna zaman makokinsa sarai. An kafa rumfa a titi kwana uku, kamar yadda ake yi wa kowa, ana ta zagaya shayi. Mutanen da suka yi shekaru suna sauya hanya don kada su bi ta ƙofarsa, ranar duk sun gane gidan. Shugaban lajnar unguwa, wato kwamitin da ke raba katin sukari, ya zo da rawani sabo, ya ɗaga tafin hannu tun daga bakin rumfa yana kiran Fatiha da ƙarfi don a waiwayo. Da ya zauna ya ce, "Mutumin kirki ne, sai dai zuciya. Ka ba shi hannu ya miƙo maka kamar tsumma." Na kusa da shi suka gyaɗa kai suna hura shayi. A rana ta biyu wani babban likita ya zo da mota, aka tashi wani tsoho daga kujera aka ba shi. Ya ce marigayi ne ya koya musu riƙe almakashi, ya ce irinsu sun ƙare. Ya sha shayi kofi biyu, ya duba agogo, ya tafi. Ni na miƙa masa kofin. Har yau ina jin kunyar hakan.

Kawu ba likita ba ne. Ma'aikaci ne a ɗakin gwaji na wata makarantar koyon likitanci a Khartum, inda ake nuna wa ɗalibai yadda jiki ke aiki. Ya shiga yana wanke kwalabe, ya kai ga shi ne ke haɗa ruwan gishiri da kayan gwaji kafin malami ya shigo. Malamai da yawa sun zo sun wuce, shi yana nan. Yana shan sigari, dole in faɗa, don ba na so a ce na ɓoye aibinsa. Yana da tsawa kuma. Kwalba in ba ta bushe ba sai ya ɗaga ta a haske ya tambayi wanda ya wanke ko da yawu ya wanke ta.

Ni ne mai kai masa kwaɗi. Idan kogin Nilu ya janye, ramukan da muke haƙar laka sukan riƙe ruwa, kwaɗi su cika su. Da hantsi nake kamawa in zuba a buhu mai jiƙa in hau hafila, wato bas. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na ji malamai suna cewa an hana kashe kwaɗo. Na gaya masa. Ya ce, "Kai ɗaukowa kake yi, alhakin a wuyana yake. Shi ya sa ba na yarda a ɓata ko ɗaya. Kwaɗo ɗaya ya mutu, ɗalibi ya gane, gobe ya tsayar da mutum da ƙafarsa. In bai gane ba, to mun yi kisan banza, ni da shi." Idan guda biyu suka rage bayan darasi, ba ya barin su a bokiti. Sai ya ƙulle su a leda da ɗan ruwa ya ce in mayar da su ramin da na ɗauko su. Na sha yin tafiya daga Khartum zuwa Aljirif da kwaɗo biyu a cinya, fasinjoji suna kallona.

Wata rana na iso da wuri, ɗalibai ba su zo ba, ya ce in tsaya in ga abin da nake wa dako. Ya fitar da tsokar ƙafar kwaɗo da wani farin zare manne da ita. Ya ce wannan zaren jijiya ce, amma ba ta jini ba, ta saƙo ce. Ya sa tsokar a ruwan gishiri, ya ɗaura ta da wata allura da ke zane a jikin ganga mai juyawa, wadda ya riga ya baƙanta da hayaƙin fitila. Ya taɓa jijiyar da ɗan lantarki, ƙafar ta zabura, allurar ta yi zane mai tsawo. Sai ya zubar da ruwan ya sa wani. Ya taɓa jijiyar, shiru. Ya sake taɓawa, shiru.

Na ce, "Ta mutu, Kawu."

Ya ce, "Kai ma irin 'yan shekarar farko ne." Ya ɗora wayar a kan tsokar kanta, ta zabura kamar da. "Tsoka lafiya lau. Jijiya ma lafiya lau. Gishiri ɗaya na cire daga ruwan, sunansa kalsiyum. Wanda ke cikin ƙashi da madara."

Ga yadda ya bayyana mini, kuma in na karkace laifina ne. Ya ce jijiya ba ta taɓa tsoka. Akwai ɗan rata a tsakani, kamar gaɓa da gaɓa, sai dai ido ba ya ganinsa. A bakin jijiyar akwai 'yan ƙananan jakunkuna cike da wani ruwa, an riga an jera su kamar kwale-kwalen da aka loda aka ɗaure a bakin kogi. Saƙo yana isowa sai wasu ƙofofi su buɗe, kalsiyum da ke waje ya kutsa ciki. A jikin jakunkunan akwai wani abu da ya kira mai gadi, aikinsa kawai ya ji zuwan kalsiyum. Da ya ji, sai jakar ta buɗe baki, ruwan ya ƙetare ratar, tsoka ta motsa. Ya ce mai gadin nan ba ya buɗe wa baƙo ɗaya. Sai uku ko huɗu sun taru a kansa lokaci guda, shi ya sa in kalsiyum ya ɗan ragu, abin da ke fita yakan ragu ƙwarai. Ya ce kuma nan da nan ake share kalsiyum ɗin a fitar, in ba haka ba mutum ya damƙi abu ba zai saki ba. Haka abin yake a ƙwaƙwalwa ma, in ji shi, tsakanin jijiya da jijiya.

Sai ya nuna mini na ƙarshe, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Ya ɗiga kalsiyum kaɗan a ruwan. Taɓawa ɗaya, allurar ta ɗan motsa kamar mai jin nauyin jiki. Sai ya shiga taɓawa a jere da sauri. Ina kallo zanen ya riƙa hawa, kowanne ya fi na bayansa. Ya ce, "Na biyu yana tarar da ragowar na farko ba a gama sharewa ba. Su haɗu, mai gadi ya ji. Ƙafa mai ƙarancin kalsiyum ba ta da saurin amsawa, amma in ka dage da kira za ta zo."

Na tambaye shi ko ya taɓa ganin mai gadin. Ya yi dariya ya ce ba wanda ya gan shi a ɗakin nan, masana a ƙasashen waje suna nemansa, shi dai ya san yana nan don ya ga aikinsa shekara talatin.

Bayan sojoji sun karɓi mulki, a shekarun farko, aka riƙa sallamar ma'aikata da wata takarda mai cewa an yi haka ne don maslahar jama'a. Kawu ya taɓa zama ɗan ƙungiyar ma'aikata, iyakar abin da na sani ke nan. Takardarsa ta zo layi uku. Ya karanta, ya gama wanke kwalaben da ke gabansa, ya kife su, ya fito. Ban san wace jama'a ce ta amfana ba. Wanda aka sa a wurinsa ya aiko mini in kawo kwaɗi hamsin a zuba a bokiti. Na ce ramukanmu sun bushe, alhali ba su bushe ba. Na yi istigfari a kan wannan ƙarya, amma ban kai ba.

A wurinmu gaisuwa ba abin gaggawa ba ce. Ka dafa kafaɗar mutum, ka kama hannunsa, ka tambayi kwanansa da gida da yara da aiki da baƙin da suka zo masa, hannun yana hannunka har a gama. Amma mutumin da aka kora da irin wannan takarda, a shekarun nan, gaisuwarsa sai ta gajarce. Maƙwabta suka koyi taɓa yatsunsa su saki, ido yana kan titi ko wani na kallo. Waɗanda ya yi wa 'ya'yansu hanyar asibiti, waɗanda suka ci tuwon sallarsa, duk suka zama masu sauri.

A cikin haka ciwon ya zo, bayan wasu shekaru. Ya fara da cinyoyi. Tashi daga angarib, gadon igiyar da yake zama a kai a tsakar gida, ya zama aiki. Bakinsa kullum a bushe. Hannunsa in ka kama sai ka ji shi sanyi, babu damƙa. Masu taɓawa su saki suka samu abin faɗa. Suka ce tun da aka kore shi ya raina kowa, ko hannu ba ya iya ba mutum da kyau. Su da suka rage gaisuwar, su ne suka zarge shi da ita.

Shi kuwa ya gane ciwonsa tun kafin kowa. Matarsa, wadda nake kira Inna, ta riƙa dama masa madara safe da yamma don ta ji yana ambaton kalsiyum. Ya ce mata, "Ke dai ki sha abinki. Kalsiyum ɗina yana nan cike a waje, ƙofofin ne suka ragu. Ki tara mutum dubu a titi, in ƙofa ɗaya ce a buɗe, ɗaiɗai za su shiga." Ta ce, "To mai gadin naka fa?" Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, yana zaune yana jira. Shi kaɗai ne ma'aikacin da ba a kora ba."

Ya so ya fita ƙasar waje a duba shi, domin ya ce akwai na'urar da za ta nuna abin, irin gangarsa ce amma ta mutane. Fita neman magani kuwa sai da takardar kwamitin likitoci. Ni na raka shi. Muka tarar da babban likitan nan da ya zo makoki daga baya, wanda ya yi karatu a ɗakin Kawu. Ya buɗe fayil, na ga idonsa ya tsaya a kan takardar sallama. Ya ce, "Baba, matsa hannuna." Kawu ya kama. Likitan ya juya yana magana da magatakarda a kan wata mota da ta tare masa hanya, ya manta hannunsa a hannun Kawu. Kawu yana ta matsawa. Can likitan ya waiwayo ya zare hannunsa yana yarfewa.

Ya ce, "Ma sha Allah. Ai ka fi ni ƙarfi."

Kawu ya ce, "Da farko fa, Dakta? Me ka ji da farko?"

"Da farko ba ka so ba ne."

"Ka tuna ganga? Ruwa mai ƙarancin kalsiyum, a taɓa a jere. Me zanen yake yi?"

Likitan ya yi murmushi ya dubi magatakarda. "Baba, wannan na jarrabawa ne. Mutum ba kwaɗo ba ne." Ya rubuta cewa babu ciwo a jiki, damuwa ce, a huta. Ban sani ba ko mantuwa ce ko tsoron takardar da ke cikin fayil. Allah ne ya san zukata. Abin da na sani shi ne amsar tana cikin tafin hannunsa, har ta yi masa zafi, ya yarfe ta.

A hafila muna ƙetare gada zuwa Omdurman Kawu ya juyo gare ni. Ya ce, "Shekararsu na yanka kwaɗi da yawa."

Yanzu zan faɗi nawa laifin, don kada a ce na wanke kaina. Takardar likita ta shiga kaina. Na ce a raina, ni wane ne, mai laka, da zan ƙaryata mai digiri? Sai na fara lura da shi irin lurar masu zargi. Na ga yakan yi ta yunƙuri a kan angarib, sau uku sau huɗu, sai kuma ya miƙe ya taka har bakin ƙofa kamar ba shi ba, kafin ƙarfin ya sake zubewa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ce masa, "Kawu, ka ji tsoron Allah. Mutane suna magana. In fushi ne, ai su waɗanda suka kore ka ba su san kana yi ba. Inna kake wahalarwa."

Ya dube ni. Ya ce, "Ɗauki takalminka."

Wata guda ban taka gidan ba. Ban iya cin abinci sosai ba, na ƙona bulo kamina guda, wato tulin da muke gasawa a wuta ɗaya, saboda hankalina ba ya wurin wutar. Sai Inna ta aiko cewa yana nemana. Na same shi a tsakar gida da la'asar, ya rame, tari ya fara kama shi. Na tsuguna zan fara ba da haƙuri, ya ce, "Bar wannan. Ba ni hannunka, ka gaishe ni yadda uwarka ta koya maka. Kada ka tsallake komai."

Na kama hannun. Sanyi, kamar na mai barci. Na ce, "Ina wuni, Kawu."

"Lafiya lau."

"Yaya jiki?"

"Da sauƙi. Ci gaba."

"Yaya Inna? Yaya zafi?"

"Alhamdu lillahi. Ba ka tambayi akuya ba."

"Yaya akuya?"

"Ta haihu. Ci gaba, ka cika gaggawa kamar shugaban lajna."

Ina cikin tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya na ji yatsunsa suna rufuwa a kan nawa. A hankali, kamar ana ɗaure igiya. Kafin in kai ga tambayar 'yarsa da mijinta, hannun Kawu na da ne, wanda ya taɓa murɗe mini kunne, har ƙashina yana ƙara. Ina kallon fuskarsa, ba abin da ya sauya, tun farko iyakar ƙoƙarinsa yake yi. Zanen gangar nan na gani yana hawa a cikin hannuna. Sannan ƙarfin ya fara janyewa, ya saki.

Ya ce, "Kai firamare ka yi, kuma sau ɗaya na nuna maka. Shi likitan shekara guda ya yi a ɗakina." Na fara kuka, ya ce, "Kada ka jiƙa mini tabarma. Je ka ce wa Inna ta ba ka madarar nan, ni na gaji da ita."

Bai ƙara neman takarda ba. Tarin ya ci gaba, daga baya aka ce akwai abu a huhunsa, amma lokacin ko zama ba ya iyawa. A watanninsa na ƙarshe masu zuwa wurinsa, ban da mu 'yan gida, ɗalibai ne 'yan Nijeriya da Nijar da ke karatun addini a Khartum. Sukan zo ranar Juma'a don su ji Hausar tsofaffi su ci tuwo. Su ba su san tsoron lajna ba, kuma gaisuwarsu doguwa ce, su tsuguna su riƙe hannu sai sun tambayi kowa. Na sha ganin ɗayansu ya ɗago kai da mamaki a tsakiyar gaisuwa, Kawu ya ƙifta masa ido. Wani daga cikinsu ya taɓa kawo masa labari, daga wani ɗan'uwansa mai karatun likita, cewa an gano mai gadin nan har an sa masa suna. Kawu ya sa aka maimaita masa sunan sau uku, ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Ni ban riƙe sunan ba, kuma ba zan ƙaga ba.

Ya rasu da safe, Inna tana riƙe da hannunsa. Ta ce ta daɗe tana riƙe da shi tana jira.

Ga roƙona. Ɗaliban nan duk sun gama sun koma gida, ban san garuruwansu ba. In wannan takarda ta faɗa hannun wanda ya taɓa zuwa gidan wani tsoho a Omdurman ranar Juma'a, ya gaishe shi ya ji hannunsa yana ƙara ƙarfi a tsakiyar gaisuwa, don Allah ya rubuto abin da ya ji, ko layi biyu ne, ya ba masu zuwa karatu su kawo. Shaidata ni kaɗai ba ta isa ba, an ce ɗan ƙanwarsa ne. In kuma akwai likita a cikin masu karatu, wanda bai manta kwaɗonsa ba, ya gaya mini ko akwai ciwon da ke rage ƙofofin kalsiyum har hannu ya yi haka, da sunansa, da sunan mai gadin. In Kawu ya yi kuskure a gaya mini gaskiya, zan ɗauka. In bai yi ba, a rubuta da manyan baƙaƙe yadda 'yarsa za ta iya karantawa a tsaye, a gidan biki. Nemana ba wuya. A zo Aljirif wajen masu dafa bulo, a tambayi mutumin da ke mayar da kwaɗi rami.